CIWON ƘODA: WA ZAI BIYA KUƊIN TONO TUSHENSA?

Daga Wakilinmu na Arewa, Mubi

'Yan'uwa mazauna Kudu, musamman na Agege da Idi-Araba a Ikko, da na Sabo ta Badun, da Shagamu, da Lokpanta, da Anaca, da Fatakwal, akwai wata irin waya wadda yawancinku kun san ta. Ita ce wadda akan bugo daga gida da daddare a ce wane ba shi da lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, fuska ta tasa, an kai shi asibiti likita ya ce ƙoda ce, ana neman kuɗin wanki. Daga nan sai a shiga karo-karo. Mai shayi ya kawo nasa, mai gadi ya kawo nasa, ɗan acaɓa da mai tura baro da ɗan kamasho na kara kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a haɗa a aika. Bayan mako guda a sake bugowa. Bayan wata biyu ko uku sai a bugo ta ƙarshe, wadda ba kuɗi take nema ba, addu'a take nema.

To, a wannan mako ba maganar kuɗin wanki kaɗai muke so mu yi ba. Muna so mu koma baya kaɗan mu yi tambayar da ba a cika yi ba, watau me ke lalata ƙodar mutanenmu tun suna da sauran ƙarfi, kuma wa ya kamata ya biya kuɗin binciken da zai gano haka? Na zaɓi in rubuto daga Mubi ne domin yankin nan yana da dukan abubuwan da ke sa bincike ya yi wuya, ga nisa, ga duwatsu, ga harsuna barkatai. In an iya yi a nan, to, za a iya yi a ko'ina.

AIKIN ƘODA

Kowane mai lafiya yana da ƙoda biyu, kowace girmanta kamar dunƙulen hannunsa, suna maƙale a bayan ciki, hagu da dama. A cikin kowace ɗaya akwai ƙananan matatai kimanin miliyan guda. Su ne ke tace ruwan jini wajen lita 180 a kowace rana, su mayar da mai kyau cikin jiki, su fitar da dauɗa a cikin fitsari lita ɗaya da rabi ko biyu. Bayan wannan kuma ƙoda tana daidaita gishiri da ruwan jiki, tana da hannu wajen daidaita bugun jini, har ila yau ita ce ke ba ɓargo umurnin ya ƙera sabon jini. Shi ya sa mai ciwon ƙoda yakan yi fari fat, ya riƙa kasala kamar wanda aka zuƙe.

Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya sallama. Mutum yana iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana noma, yana dako, yana cin tuwonsa lafiya lau, bai ji komai ba. Kafin kumburi da amai da ƙaiƙayi da numfashi sama-sama su bayyana, galibi ɓarna ta riga ta yi nisa. Masana sun ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 850 ke da wani nau'i na ciwon ƙoda a duniya, watau wajen mutum ɗaya cikin kowane goma, kuma yawancinsu ba su sani ba.

Manyan abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi su ne hawan jini da ciwon sukari. Bayan su akwai kumburin matatan ƙoda, da sikila, da tsargiya wadda ke toshe hanyar fitsari, da yawan shan magungunan kashe ciwon jiki, da wasu jiƙe-jiƙe, da guba irin ta dalma. Ba mu manta ba, a 2008 wani maganin haƙoran jarirai da aka gurɓata ya kashe yara 84 a ƙasar nan, kuma ƙoda ce ya lalata musu. A 2022 irin wannan guba a cikin maganin tari ta kashe yara kimanin 70 a Gambiya.

LISSAFIN WANKI

In ƙoda ta tsaya cik, hanya biyu ce ta rage, ko wanki ko dashe. Wanki shi ne a jona mutum da inji, a janyo jininsa a tace a mayar masa, awa huɗu a kowane zama, kuma ƙa'ida ita ce sau uku a mako, har iyakar rayuwa. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko da ke Idi-Araba aka fara wanki a Nijeriya cikin 1981. Dashe kuwa an fara yin sa ne a 2000 a asibitin St. Nicholas na Ikko, sa'an nan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi nasa na farko a 2002, na Maiduguri kuma a 2010.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu manyan asibitocinta, cikinsu har da na Idi-Araba da Ebute-Metta a Ikko, da na Badun, da Abekuta, da Binin, da Kalaba, da Maiduguri, da Azare. Lalle wannan abin a yaba ne. Amma mai karatu ya ɗauki alƙalami mu yi lissafi tare. A tsohon farashi, zama uku a mako na shekara guda ya kama naira miliyan 7 da dubu 800. A sabon farashi ya kama naira miliyan 1 da dubu 872. In aka raba shi wata-wata, naira 144,000 ke nan a kowane mako huɗu, alhali kuwa mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ban da kuɗin mota, da allurar ƙarin jini, da masauki, da abincin mai jinya.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne abin da wata likita 'yar Kamaru, Farfesa Gloria Ashuntantang, da abokan aikinta suka gano a 2017, bayan sun tattara rahotannin asibitocin ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. Sun tarar fiye da kashi 80 daga cikin 100 na manyan da suka fara wanki sun daina, kuma babban dalili shi ne aljihu ya ƙare. An sayar da sa, an jinginar da gona, an ci bashi, daga ƙarshe an rasa mutum an rasa dukiya. Ashe ke nan ko da za a dasa inji a kowace ƙaramar hukuma, in ba a toshe inda ruwa ke shigowa ba, kwalfa kawai ake yi.

DARASIN GASHUWA

Duk wanda ke son ya ga amfanin bincike, to, ya dubi Gashuwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe. Gari ne na bakin kogin Yobe, ƙasa da inda ruwan Haɗeja da na Jama'are suke haɗuwa, gari na kifi da shinkafa da noman rani. Shekaru da dama likitocin ƙoda na Maiduguri suna lura cewa masu zuwa musu daga Gashuwa da Nguru da Jakusko sun yi yawa ƙwarai in aka kwatanta da yawan jama'ar wurin. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne da yawansu ba su da ciwon sukari, kuma ba tsofaffi ba ne, magidanta ne manoma da masunta. Irin wannan kuka kuma an ji shi daga Haɗeja ta Jihar Jigawa, wadda ke kan wannan kwari.

Kowa da abin da yake zargi. Wasu sun ce ruwan sha ne, domin masanan jami'o'i da suka auna ruwa da ƙasa a yankin sun ba da rahoton ganin ƙarafa masu guba a wasu wurare. Wasu sun ce maganin feshi ne da takin zamani. Wasu sun ce zafin rana ne da ƙishirwa. Wasu sun ce gado ne. Amma zargi daban, hujja daban. Ba za a ce wa mutanen gari su bar rijiyarsu ko su daina cin kifinsu a kan zato ba, haka kuma ba za a bar su suna sha ba in har ita ce ke kashe su.

Gwamnatin Yobe ta daɗe tana yi wa 'yan jiharta wanki kyauta a Asibitin Koyarwa na Damaturu, amma daga baya ta gane cewa wannan kaɗai ba zai kai ta ba. A 2021 aka buɗe cibiyar binciken kimiyyar lafiya, wadda ake kira BioRTC, a Jami'ar Jihar Yobe, a ƙarƙashin jagorancin Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar wanda ke aiki a Jami'ar Sussex ta Ingila. A 2023 Gwamna Mai Mala Buni ya tafi Landan ya gana da masanan ciwon ƙoda na manyan makarantun likita na can domin a haɗa gwiwa. Daga bisani ma'aikatan cibiyar suka shiga unguwanni da ƙauyuka suna karɓar jini da fitsari, suna ɗibar ruwa da ƙasa da kayan abinci domin awo.

Abin lura a nan guda biyu ne. Na ɗaya, jiha ce ta sa kuɗinta, ba ta zauna jiran wani ya tausaya mata ba. Na biyu, ɗan ƙasa da ke zaune a waje ne ya waiwayo gida da iliminsa da mutanen da ya sani. Ku da ke Kudu ku riƙe wannan na biyun, za mu dawo kansa.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA GANI

Ba mu kaɗai ne wannan abu ya taɓa samu ba. A ƙasashen Balkan na Turai, tun cikin shekarun 1950 aka lura da wasu ƙauyukan manoma na bakin rafukan kogin Danub inda ciwon ƙoda ke cinye gida guda. An yi shekara hamsin ana lalube. Sai a 2007 aka samu tabbatacciyar hujja cewa wata ciyawa ce da ke fitowa a gonakin alkama, 'ya'yanta suna shiga cikin hatsi a niƙe su tare, a ci a burodi. Dangin wannan ciyawa akwai shi a ƙasarmu, shi ne masu maganin gargajiya ke kira duman dutse. Ba mu ce shi ne ke ɓarna a Gashuwa ko a wani wuri ba, amma ya isa ya nuna cewa abin da ke kashe mutum yana iya kasancewa a cikin ƙwaryarsa bai sani ba.

A Nikaraguwa ta Amurka ta Tsakiya kuwa, masu saran rake ne ke mutuwa, har akwai wani ƙauye kusa da garin Chichigalpa da aka yi wa laƙabi da tsibirin matan mamata. Bincike ya karkata ga aiki mai tsanani a cikin zafi ba tare da isasshen ruwa ba. Da aka gwada ba ma'aikata ruwa da inuwa da hutu a kan lokaci, sai raunin ƙoda ya ragu a tsakaninsu. Wannan magana ta shafi duk mai lodin tirela da mai faskare da mai tura kura a Ikko ko Fatakwal. A Siri Lanka da kudancin Indiya ma akwai yankunan manoman da ke fama da irin wannan ciwo.

Amma labarin da ya fi kama da namu shi ne na tsibiran Tiwi da ke arewacin Ostareliya, kimanin kilomita 80 daga birnin Darwin. Mutanen wurin 'yan asalin ƙasar ne, ba su kai dubu uku ba, suna da harshensu da al'adunsu. A shekarun 1990 yawan mutuwar ƙoda a cikinsu yana daga cikin mafi girma da aka taɓa gani a duniya. Wata likita mai suna Wendy Hoy da ma'aikatanta suka bi jama'a suna awon fitsari da jini. Daga 1995 suka fara ba duk wanda aka ga alama a jikinsa maganin hawan jini mai kāre ƙoda, tare da bibiya ba fashi. Cikin 'yan shekaru masu kaiwa ga wanki da masu mutuwa suka ragu da kusan rabi. To, amma da wa'adin binciken ya cika aka miƙa aikin ga wasu hannuwa, kuɗi da ma'aikata suka yi ƙaranci, bibiya ta yi sanyi, sai ciwo ya sake ɗagowa. Darasin a fili yake, kuɗin da zai zo shekara uku ya ɗauke bai isa ba.

Akwai kuma wani bincike da ya shafe mu kai tsaye. A 2010 aka gano alaƙar ciwon ƙoda da wata ƙwayar halitta ta gado mai suna APOL1, wadda wasu nau'o'inta suka yawaita a Afirka ta Yamma domin suna ba da kāriya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, amma kuma suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda. A 2024 masanan Nijeriya da Gana suka fitar da sakamakon awon mutane fiye da 8,000, inda suka tarar kusan kashi 30 daga cikin 100 sun gaji irin wannan nau'i ta wajen uwa da uba. Wa ya biya kuɗin wannan aiki? Hukumar binciken lafiya ta Amurka, a ƙarƙashin wani shiri da ta kafa tare da gidauniyar Wellcome ta Ingila. Shirin ya yi shekara goma ya ƙare. A 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

TSIBIRAI A KAN TUDU

Yanzu mu dawo Mubi. Wanda bai san wurin ba zai ɗauka kasuwar shanu ce kawai, inda tireloli ke tashi kowane mako su nufi Ikko da Fatakwal. Amma Mubi tsohuwar hedkwata ce. Yankin yana cikin Kamarun Arewa da Ingila ke riƙo, sai da aka yi ƙuri'ar raba-gardama a 1961 ya zaɓi Nijeriya, aka kira shi Lardin Sardauna. Yau ƙananan hukumomi biyar ne ke kewaye da ita, Mubi ta Arewa, Mubi ta Kudu, Maiha, Michika da Madagali, duk a gindin duwatsun Mandara, a kan iyakar Kamaru.

A nan akwai Gude da Fali da Njanyi da Higi da Margi da Fulani da Hausawa, Musulmi da Kirista, kowa da harshensa. Akwai ƙauyukan da ke can ƙwanƙolin dutse, waɗanda babur ma sai ya yi da gaske. In damina ta sauka, kogin Yedzaram da rafukansa suka kawo ruwa, wasu garuruwa sukan zama tamkar tsibirai, ba shiga ba fita sai ruwa ya janye. Daga Mubi zuwa Yola, ta Hong da Gombi da Song, tafiyar wajen kilomita 200 ce. Mai karatu ya auna mutumin da ƙafafunsa suka kumbura, ana sauko da shi daga dutse, a ce zai yi wannan tafiya sau uku a mako. Can arewa a tsibiran Tabkin Cadi, inda Buduma da masuntan Hausawa ke zaune, abin ya fi haka wuya.

Bugu da ƙari, yankin nan ya sha wuya. A Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka watse, makarantu da asibitoci suka tsaya, sai a Nuwamba aka ƙwato garin. Inda mutane suka yi shekaru suna gudun ceton rai, ba wanda ke tunanin awon jini.

Illar wannan duka ita ce, lissafin masu ciwon ƙoda da ake da shi galibi na waɗanda suka iya kaiwa babban asibiti ne. Wanda ya kumbura a ƙauye, aka ce sammu ne ko shawara ce, aka yi ta ba shi jiƙo har ya cika, ba ya shiga littafin kowa. Abin da ba a ƙidaya ba kuwa ba a yi masa kasafi.

Yaya ake irin wannan bincike? Ba tsafi ba ne. Za a zaɓi garuruwa, wasu a kan dutse wasu a kwari, wasu masu shan rijiya wasu masu shan rafi ko burtsatse. A auna bugun jinin manya da sukarinsu, a tsoma tsinken awo a fitsari a ga ko furotin na zuba, a ɗibi jini kaɗan a auna wani sinadari mai suna kiriyatinin wanda ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Duk wanda aka ga matsala a sake auna shi bayan wata uku, domin sai ta daɗe haka ake kiran ta ciwo mai ɗorewa. A tambayi sana'ar mutum, da maganin da yake sha, da feshin da yake yi a gona. A auna ruwa da rani, a sake aunawa da damina. Kuɗin yana tafiya ne a mota da mai, da albashin ma'aikata, da firjin ajiye jini mai aiki da hasken rana, da kayan awo, da maganin waɗanda aka samu da ciwo, domin zalunci ne a gaya wa mutum yana da cuta a juya a bar shi.

Akwai kuma kuɗin da masu kasafi kan manta da shi, watau kuɗin neman yarda. Mutanen Arewa ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka kafin a ɗibi jinin tsohuwa a bayan Gella ko Michika, dole a yi mata bayani da harshenta, ta bakin ɗiyar garinsu, da sanin mai unguwa da liman da fasto. A gaya mata inda za a kai jinin, da abin da za a yi da shi, da ranar da za a dawo mata da sakamako. Kuma a dawo ɗin.

WA ZAI BIYA?

Na farko dai gwamnati. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 daga cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya. A garinmu aka yi alkawarin, amma kasafin Tarayya ya yi shekaru yana yawo a wajen kashi 5. A Mayun 2025 Babban Taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman a kan lafiyar ƙoda, wanda ke kira ga ƙasashe su ba da ƙarfi wajen rigakafi da gano ciwon da wuri. Ya kamata Gwamnatin Adamawa ta yi koyi da Yobe, ta ware wani layi a kasafinta da sunan wannan bincike, na shekara biyar ko goma, ba na biki ɗaya ba.

Na biyu, hukumomin da aka kafa don irin wannan. Akwai asusun TETFund da ke ba manyan makarantu kuɗin bincike, ga kuma Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a Mubi a 2002, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duk a gari ɗaya, da malaman da suka san awon ruwa da ƙasa, da ɗaliban da ke jin harsunan duwatsun nan. In suka haɗa kai da likitocin Yola da Maiduguri da cibiyar Damaturu, ba sai an fara daga tushe ba. Akwai kuma Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da aka kafa dokarta a 2017. Gina gada da aji aiki ne mai kyau, amma sanin abin da ke kashe magidanta ma raya ƙasa ne.

Na uku kuwa mu ne. A nan zan ba ku labarin wasu mutane da ba su fi mu arziki ba. A hamadar tsakiyar Ostareliya akwai wani ƙauye mai suna Kintore, kimanin kilomita 500 daga garin Alice Springs. Dattawansu masu ciwon ƙoda sukan bar gida su tare a birni saboda wanki, su mutu a can cikin kewa. Mutanen ƙauyen gwanayen zane ne. A 2000 suka haɗu maza da mata suka yi manyan zane-zane, aka yi gwanjonsu a birnin Sidni, aka tara fiye da dalar Ostareliya miliyan guda. Da wannan kuɗi suka kafa ƙungiyarsu, a 2004 aka fara wanki a cikin ƙauyensu. Sai da gwamnati ta ga sun tashi tsaye sa'an nan ta biyo baya da nata.

Mu ba mu da zane, amma muna da kara da kasuwa da ƙungiya. Akwai Sarkin Hausawa a kusan kowane gari na Kudu, akwai ƙungiyar fataken shanu, da ta masu albasa da tumatir, da ta direbobi, da ta 'yan gari kaza mazauna Ikko. Da za a yarda a riƙa cire ko naira ɗari a kan kowace saniya da ta tashi daga Mubi ta sauka a Oko-Oba, a zuba a asusu mai amintattu da littafi a buɗe, da an sayi injinan awon jini da tsinkayen fitsari, an biya matasan da za su hau dutse da su. Kuɗin wankin mutum ɗaya na shekara zai auna jama'ar ƙauye guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya sa kuɗinsa shi ke da bakin tambayar gwamnati ina nata.

KAFIN NAN

Kafin masu bincike su gama nasu, akwai abin da kowa zai iya yi tun yau. Duk wanda ya kai shekara talatin ya riƙa auna bugun jininsa, in an ce ya hau ya riƙe magani, kada ya bari don ya ji sauƙi. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya nemi a auna masa fitsari da ƙoda ko sau ɗaya a shekara. A yi hattara da haɗin ƙwayoyin da masu talla ke ƙullawa a leda don ciwon jiki, domin galibi akwai masu suna diclofenac ko ibuprofen a ciki, kuma shan su kullum yana cin ƙoda, balle ga wanda ya wuni yana zufa. A guji jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, da man shafawa na canza launin fata. A rage gishiri. Mai aikin rana ya sha ruwa tun bai ji ƙishi ba, in ya ga fitsarinsa ya yi ja ya san jiki na kuka. Mai feshi a gona ya rufe hanci da hannu, kada kuma a mayar da galan ɗin maganin feshi na ɗibar ruwan sha.

Ranar Alhamis ta biyu ta watan Maris kowace shekara ita ce Ranar Ƙoda ta Duniya, kuma asibitoci da dama sukan yi awo kyauta a ranar. Shugabannin zango su nemi a kawo musu har gida. In kuma za ku je ganin gida da Salla ko Kirsimeti, a cikin tsarabar atamfa da sabulu a sa ɗan injin awon jini guda, a auna iyaye da baffanni kafin a juyo.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba mu nemi a tono tushen wannan ciwo ba, ba wanda zai hau duwatsun Mandara ya tono mana, kuma wayar nan ta dare za ta ci gaba da shigowa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ku kuma Ya maido ku gida lafiya.